Gandar Ɓawon Abarba

Ina da ƙaramin ciki ƙanwar mijina ta dawo gidanmu da zama. Cikin fari ne, kuma ya zo mini da laulayi mai tsanani, ko ƙamshin sabulun wanka na ji sai zuciyata ta tashi. A lokacin muna haya a Agege, ɗaki da falo, a wani dogon gida mai ƙofofi suna kallon juna. Kicin ɗaya ne a baya, kowace mata da lungunta. Bayan kicin akwai kwata, bayan kwatar kuma layin dogo. Ban daɗe da zuwa Legas ba. Daga wani gari kusa da Zariya aka kawo ni, ban iya Yarabanci ba, Turancin kasuwa ma sai dai in tsinci kalma ɗaya-ɗaya.

Mijina haifaffen Legas ne, yana sarin abarba da kankana a kasuwar Mile 12. Ƙanwar tasa ita ce autarsu, tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana karatun ƙananan halittun da ido ba ya gani. Da malamai suka shiga yajin aiki aka rufe ɗakunan kwana da ɗakin gwaji, sai ga ta da rana tsaka a kan okada, jaka a baya, ta rungume wata kwalbar gilashi mai faɗin baki kamar wadda ta ɗauko jinjiri. Gidan Hajiyarsu da ke Ijora cike yake da jikoki, abin da ke cikin kwalbar kuma ba ya son a taɓa shi. Shi ya sa ta zaɓi gidanmu.

Na leƙa kwalbar. Ruwa ne launin shayin da ya kwana. A samansa wani abu ne fari-fari mai kauri, kamar majina ta daskare, wasu zaruruwa masu launin ƙasa suna reto a ƙarƙashinsa.

Na ce, “Wannan kuma mene ne?”

Ta ce, “Anti, uwar ke nan. Ita za ta haifa mana sauran.”

Ina jin ta kira wannan abu uwa, na dafe cikina na koma ɗaki.

Da yamma da yayanta ya dawo ta yi mana bayani. Wai akwai wasu ƙwayoyin bakteriya marasa cutarwa, in suka sami ruwa mai zaƙi sai su yi ta sha suna saƙa wani zare siriri, dangin na auduga, har ya taru ya zama fata a saman ruwan. Selulos ake ce masa. Ana rufe ƙuna da shi a asibiti, ana yin takarda, ana yin abin ƙunshe kaya. Matsalar ita ce abincin da ake ba ƙwayoyin a ɗakin gwaji daga waje ake kawo shi, kuma tsada gare shi. Aikinta na kammala karatu shi ne ta nuna cewa ɓawon abarbar da ake zubarwa a kasuwa zai iya ciyar da su.

Mijina ya ji abin ya yi masa daɗi ƙwarai. Ya ce shi da tarin ɓawo yake tsole wa ido kullum a bakin rumfa, ashe ilimi ne a ciki. Ya yi mata alkawarin ba za ta taɓa rasa kaya ba.

Ya kuwa cika alkawari. Ya riƙa dawowa da buhun ɓawo, haɗe da abarbar da ta lalace wadda ba mai saye. Kafin buhun ya sha rana a kasuwa, ya sha gosulo a bayan motar haya ta danfo, ya iso Agege, ya riga ya fara ruɓewa. Ruwa ne yake ɗiga daga gindinsa tun daga bakin ƙofar gida har kicin, wani ruwa mai danƙo da in ka taka sai takalminka ya yi ƙara. Ita kuma ta zazzage shi a ƙasa, ta tsugunna ta sa hannu tana zaɓe, baƙi gefe, mai dama-dama gefe, tana 'yar waƙarta.

Ba ta da tukunya, don haka babbar tukunyata ta ɗauka, wadda innata ta saya mini a kayan ɗaki, ko sau biyu ban ɗora ta ba. A ciki take dafa ɓawon har ya yi lugub. Ta tace da ƙyalle, ta zuba ɗan sukari da ruwan kal, ta bari ya huce, ta rarraba a robobi masu faɗi, sannan ta ɗebo ruwan kwalbar nan ta zuzzuba a kowace. Wani tsohon zanena ta roƙa ta yayyaga ta ɗaure bakunansu.

Warin dafuwar nan ba zan iya kwatanta shi daidai ba. Zaƙi ne da tsami da ruɓa a haɗe, kuma yana kama tufafi. Akwai maƙwabciyarmu Bayarabiya, maman 'yan biyu, wadda lungunta yake kusa da nawa a kicin. Wata rana ta tsaya ta shaƙi iska, ta faɗi wata magana da Yarabanci. Auta ta mayar mata, suka tuntsure da dariya har da tafawa.

Na ce, “Me ta ce?”

“Wai in giya muke haɗawa mu ɗan sammata.”

Ni ban ga abin dariya ba. Gidan Musulmi, matan haya suna cewa yana warin giya. Ranar ban ƙara fita tsakar gida ba.

A falo aka jera robobin, bayan doguwar kujerar da auta take kwana a kai, domin nan ne kaɗai yara ba sa shiga. Doka ɗaya ta kafa mana: kada a motsa su. In aka girgiza ruwan, fatar da ta fara haɗuwa sai ta nutse. Na daina share bayan kujera. Na daina jan tebur. Amma jirgin ƙasa ba ya jin doka. Duk sanda ya zo wucewa gidan ya ɗauki rawa, sai ka gan ta ta ruga ta durƙusa a gaban robobin tana cewa, “Abeg, abeg, wuce a hankali.”

Sai ƙudaje suka zo. Ba irin waɗanda na sani ba, wasu ƙanana ne masu jan ido, ba sa ƙara, ba sa gudu in ka kore su. Suna kan labule, suna bakin kofi, suna kan carbin mijina. In na buɗe baki zan yi hamma sai na sa hannu na kare.

Zubin farko bai yi ba. Auta ta buɗe ta tarar da fumfuna, kore da baƙa, har da gashi-gashi kamar bayan ɓera. Ta zubar a kwata ta sake sabo. A zubi na biyu ne na ga abin da har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Ina neman ɗan kunnena da ya faɗi, na leƙa bayan kujera, sai na ga ƙyallen roba ɗaya ya zame. Fatar ta haɗu sosai, tana sheƙi. A kanta kuma tsutsotsi ne farare ƙanana, suna ta motsi, wasu sun huda sun shige rabi. Ban kai kwata ba. A tsakar gida na durƙusa na yi ta kelaya amai, maman 'yan biyu tana zuba mini ruwa a ƙeya tana “Pele, pele,” wato sannunsu ta Yarabanci.

Na sami mijina na ce masa ba zan iya ba.

Ya ce, “Ki yi haƙuri, karatu ne. In uwar nan ta mutu, shekararta ta tafi a banza. Ni fa wallahi ban ma jin wani wari.”

Ina zai ji? Mutumin da yake wuni a tsakiyar ruɓaɓɓen tumatir da kankana, hancinsa ya daɗe da mutuwa. Kuma tun asuba yake fita. Ni ce nake wuni da su, ni da robobi da ƙudaje. Ya ƙara da roƙona kada in gaya wa Hajiya, don in ta ji za ta hana, yarinyar kuma ba ta da wani wurin.

Auta ba muguwa ba ce, kada a ɗauka haka. Takan yi mini wanki, ta sayo mini lemun tsami in riƙa shinshinawa, ta ce, “Sori Anti, saura kaɗan.” Sai dai idonta ya rufe. Abin da nake gani ƙazanta, ita ba shi take gani ba.

A zubi na uku ta ninka ƙyallen, ta ɗaure da robar taya, aka dace. Ranar da ta kwashe, ta kira ni da murna. Ta wanke hannu, ta zura shi ƙarƙashin fatar ta ɗago ta ɗungurungum. Ta yi wata ƙara, ɓalaƙ, kamar an zare ƙafa daga taɓo. Kaurinta ya kai tafin hannu, launinta ruwan ƙasa-ƙasa, tana dalala, zaruruwan nan suna bin gwiwar hannun auta.

“Anti taɓa ki ji! Plis, sau ɗaya kawai.”

Don kada in kashe mata gwiwa na sa ɗan yatsa. Sanyi ƙalau, ga santsi, kuma da na danna sai ta lotsa ta dawo, kamar naman abin da bai daɗe da mutuwa ba. Na wanke yatsan nan da omo, na wanke da toka, duk da haka na wuni ina riƙe shi nesa da jikina.

Ta ɗauraye fatun da suka fi kyau, ta kankare zaruruwan, ta jiƙa su a farar robata mai murfi, ta ajiye a lunguna na kicin. Ta ce saura ta tafasa su da soda, irin wadda ake haɗa sabulu da ita, don ƙwayoyin su mutu fatar ta yi fari, sannan ta auna ta shanya. Washegari ta tafi unguwar Yaba sayen sodar da aron ma'auni wurin wata ƙawarta. Ni kuma ranar awon cikina ce, na bar makulli wurin maman 'yan biyu na tafi asibiti.

Layi ya yi tsawo, sai bayan la'asar na dawo. Tun daga bakin ƙofa na jiyo ƙamshin miya, kuma abin mamaki zuciyata ba ta tashi ba. Na shiga na tarar da Hajiya zaune a falo, ga kuloli a jere. Mijina ma ya dawo da wuri don ta yi masa waya. Surukata mace ce mai kirki, tun da aka kawo ni take tausayina saboda na yi nesa da gida. Ta ji labarin ba na iya cin komai, shi ne ta hawo danfo tun daga Ijora da alayyahu da busasshen kifi da manjanta, ta karɓi makulli ta shiga kicin. Idonta ya yi rauni, amma ba ta yarda da tabarau ba.

Ta ce, “'Yata, zauna ki ci. Gidan nan naku sai tsami yake, na ga kin jiƙa gero a bayan kujera. Kamu ba a falo ake ajiye shi ba.”

Na dubi mijina, ya sunkuyar da kai. Na ce, “To Hajiya.”

Tuwon shinkafa ne da miyar alayyahu. Rabon da in ji daɗin abinci irin na ranar har na manta. Na ci, na ƙara. Akwai ganda a miyar, an yanka ta ƙanana, ta sha manja ta yi ja. Na haɗiye guda biyu ko uku tare da tuwo ba tare da na kula ba. Sai na ɗauki wata babba na sa a baki ita kaɗai. Na tauna, miya ta fito. Na ƙara taunawa, ta yi ƙiƙi tsakanin haƙorana. Ba ta narke kamar ganda ba, ba ta kuma gutsure ba. Ruwan ya ƙare, ya bar mini wani abu a baki kamar na tauna tsumma.

Hajiya ta lura da ni. Ta ce, “Kin gani ko? Gandar zamani ke nan. Na dafa, na dafa, ta ƙi laushi. Ga tsami da take yi, sai da na wanke ta da gishiri da lemun tsami. Kada ki ƙara saye a wurin mai wannan.”

Na ce, bakina cike, “Wace ganda, Hajiya?”

“Wadda kika jiƙa a farar robarki mana.”

Mijina yana tsakiyar kai loma, hannunsa ya tsaya a iska. Ni kuwa ba farar robar na gani a idona ba. Robar bayan kujera na gani, wadda ƙyallenta ya zame. Na san ba zubi ɗaya ba ne, na san waccan an zubar da ita, amma cikina bai san wannan ba. Na furzar da abin a tafin hannuna, na gan shi fari-fari inda na tsotse manjan, na tashi da gudu. Duk tuwon da na ci da marmari ya dawo a bakin kwata. Na yi ta yunƙuri har ba abin da ke fita sai ɗaci, ina kuka, ina goge harshena da gefen zane.

Ina nan durƙushe auta ta dawo. Kai tsaye kicin ta wuce da ledar sodarta. Na ji ƙarar murfin roba, sai shiru, sai ihu.

“Yaya! Ina kayana? Wa ya taɓa mini roba?”

Na lallaɓa na koma falo, sai ga ta ta shigo da robar a hannu, ba komai ciki sai ruwa. Ta ga Hajiya, ta ga kular miya. Ta sa cokali ta ɗago yanka ɗaya, ta kalle shi, sai ta zauna daɓas a ƙasa ta fashe da kuka.

Hajiya ta ce, “Ke auta, lafiyarki? Kuka a kan ganda?”

Auta ta ci gaba da kukanta. Hajiya ta juya wurin ɗanta. “Kai nake tambaya. Me na dafa?”

Ya yi ta kame-kame, karatu ne, bincike ne, ɓawon abarba ne. Ta ce a nuna mata. Auta ta ja kujera, ta kwance ƙyallen wata roba da ba a kwashe ba. Hajiya ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa ruwan, don ta gani da kyau. Ta daɗe a haka. Ƙudajen nan suka tashi suka kewaye mata fuska.

Ta ɗago a hankali ta ce, “Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yana da rai?”

Auta ta ce cikin kuka, “Ƙwayoyin ne masu rai, Hajiya, kuma ai kin dafa, sun mutu. Ba zai yi komai ba. A wasu ƙasashen ma ci ake yi, da sukari, kamar alewa.”

“Su ci. Ni na ce miki daga can na zo?”

Ta fita tsakar gida ta karɓi buta, ta yi ta kurkure baki tana tofarwa. Ita ma ta ci, ta ɗanɗana tun a tukunya. Da ta dawo ba ta yi wa auta faɗa sosai ba. Ɗanta ta tasa a gaba. Ta ce ya ajiye 'yar mutane da juna biyu a ɗaki ɗaya da ruɓa, ya kuma ɓoye mata, har ya sa ta ciyar da jikanta abin da ba ta san sunansa ba. Ban taɓa ganin mijina ya yi ƙanƙanta irin ta ranar ba. Yana tsugunne yana “A yi haƙuri Hajiya,” yana gyatsa, fuskarsa ta yi wani iri, don shi ya fi kowa cin gandar.

Hankalina bai kwanta ba saboda cikin. Hajiya ta sa muka tafi wani ƙaramin asibiti a bayan layinmu, har da auta. Nas ta tambaye ni me na ci, na juya na dubi auta. Ita ce ta yi mata bayani da Turanci. Nas ɗin ta tambaya ko an riga an sa sodar, aka ce a'a. Ta ce to da sauƙi, in sha ruwa da yawa, in na ji ciwon ciki in dawo. Tana rubutu tana cije leɓe, muna fita na jiyo ta tana kiran abokiyar aikinta. Ban ji ciwon komai ba. Sai dai na kwana biyu ina jin ƙiƙin nan a haƙorana ko ruwa na sha.

Hajiya ba ta koma Ijora ba sai da ta ga an fitar da robobin. Mijina ya samo wani ɗaki a ginin da ba a gama ba na wani abokinsa, wajen Iyana Ipaja. Aka kira mai baro ya kai su bakin titi. A hanyar fita ɗaya ta kife a tsakar gida, fatar ta sulale a kan siminti ta kwanta shame-shame. Kazar maman 'yan biyu ta zo ta sa baki sau ɗaya, ta girgiza kai ta wuce. Da tsintsiya da shebur aka kwashe. Na wanke falon nan da ruwan zafi da kananzir, na cire labule na jiƙa. Tukunyar da farar robar na ce auta ta tafi da su, na bar mata halak malak.

Auta ta sake aikin daga farko, tana zuwa can kullum da buhunta. Mun ɗan yi kwanaki ba ma sakin jiki da juna, ita tana jin zafin kayanta, ni ina jin zafin cikina. Daga baya ya wuce. Aka janye yajin aiki, ta koma makaranta, ta kammala, malamanta kuma suka yaba.

Bayan na haihu ta zo mana da abin da ta samu a ƙarshe, a cikin wata leda mai tsabta. Ta zaro shi ta shimfiɗa a kan tebur. Fari ne tas, siriri kamar ɓawon albasa, in ka ɗaga shi kana hango hasken taga. Mijina ya ja shi da hannu biyu, bai yage ba, ya yi ta jinjina kai.

Ta turo mini shi. “Anti, ki shinshina ki ji. Wallahi babu wari ko kaɗan.”

Na gyara wa jaririyata kwanciya a kafaɗata. Na ce, “Na yarda. Allah ya sa albarka, ya sa a amfana. Ɗauke mini shi daga kan teburin nan, abinci za mu ci.”